Murfin da Iska Ta Danne

Har yau ba na yarda in shiga ɗaki a ja mini ƙofa ta waje. Matata ta sani, 'ya'yana sun sani, jikokina kuma dariya suke yi mini, wai tsoho guda yana tsoron ƙyaure. Su yi ta yi. A cikinsu babu wanda ya taɓa tsayawa cikin duro a gindin rijiya.

Abin ya faru a shekarun farin nan, lokacin da damina take zuwa ta leƙa mu ta juya. Ƙauyenmu a ƙasar Kunci yake, inda gona take manne da gona, gida kuma yana jin tarin maƙwabcinsa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mun ci dusa, mun ci tafasa har ta gundure mu. Yunwa dai ana lallaba ta a kai gobe, amma ƙishirwa ba ta jin lallashi. Rijiyoyin unguwa suka yi ta ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura ta ƙofar gidanmu, wadda kakana ya haƙa. Ita ma idan ta kwana, abin da take tarawa bai wuce a cika tulu kaɗan ba, ja kamar kunun kanwa, ga mata sun yi layi tun daga bakinta har gindin tsamiya.

Mun gwada ƙara mata zurfi, ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce a gindinta akwai wani jiƙaƙƙen rairayi mai gudu. Ka kwashe ƙwarya ɗaya, biyu su gangaro daga gefe su maye gurbinta. Kana haƙa, ƙasan bango yana zaizayewa, kana jin ɓurɓushi yana zubo maka a wuya. Masu haƙar rijiya da aka ɗauko daga wani gari suka sauka, suka duba, suka hau suka naɗe igiyarsu. Babbansu ya ce ruwa mai kyau yana nan ƙarƙashin rairayin, ba nisa, amma shi yana da iyali.

A wannan halin ne Baffa ya dawo daga Ikko. Ƙanen Babana ne, ya yi shekaru yana gadi a tashar jiragen ruwa, ya dawo da rediyo da agogon hannu da baki mai daɗi. Ba maƙaryaci ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne da idan ya ji abu sau ɗaya, ya zauna masa a kai daram, kuma ba ya ƙara tambaya. Wata rana bayan la'asar, dattawa suna zaune a dakali ana ta juya maganar rijiya, sai ya kawo labarin wani jirgi da yake nutsewa ƙarƙashin teku da mutane a cikinsa, su yi kwana da kwanaki su fito lafiya. Ya ce wani sojan ruwa ne ya ba shi labari. Aka tambaye shi yadda ruwa ba ya murƙushe shi. Ya ce ai iska ake ɗura masa har ta fi ƙarfin ruwan, tana turawa daga ciki, ruwa yana turawa daga waje, sai a yi canjaras. Iya iskar da ka ɗura, iya zurfin da za ka je.

"Ku dubi tayar mota," in ji shi. "Roba ce fa. Me yake ɗauke da lodin gyaɗa in ba iska ba?"

Babu wanda ya iya musa wannan, don kowa ya ga taya. Daga baya, da na yi karatu na samu littattafai, na gane ba haka jirgin nan yake aiki ba. Ƙarfen jikinsa ne yake ɗaukar nauyin ruwan, mutanen ciki kuma irin iskar da muke shaƙa suke shaƙa. Amma a ranar, a kan dakalin nan, da maƙogwaro a bushe, maganar Baffa ta fi ruwan sanyi daɗi.

Ga dabarar da ya tsara. A samo duro biyu na man fetur, a haɗa su tsaye su zama dogo ɗaya wanda mutum zai iya miƙewa a ciki. A yanke gindin ya zama a buɗe. A sama a huda ƙofa daidai kafaɗa, a yi mata murfi. A zura tiyo ta ƙaramin bakin duron, a haɗa da famfon bugun taya a bakin rijiya. Mutum ya shiga ya rufe, a yi ta buga masa iska, iskar ta hana rairayi da ruwa shigowa ta ƙasa, shi kuma ya yi ta haƙa a ƙarƙashin ƙafarsa, duro yana nutsewa, har a ratsa rairayin. In an kai ga ƙasa mai ƙarfi, a yanke saman, duron ya zama bangon rijiya.

Mai walda a Kunci ya yi aikin. Shi ne ya ce in ana so kada iska ta tsere, murfin ya zama daga ciki, ya fi ƙofar faɗi, a zagaye shi da robar taya, yadda iskar da kanta za ta danna shi sama ya like. Baffa ya yaba masa ƙwarai. Aka shafe mahaɗar da kwalta. Mai faci ya ba da aron famfonsa, babba mai mariƙin hannu biyu, da sharaɗin a ba shi tulu guda ranar da ruwa ya fito. Da aka ga duron zai yi ta tasowa in an cika shi da iska, sai aka bi gida-gida ana karɓar duwatsun niƙa don a ɗaure masa a ka. Inna, mahaifiyata, ta ba da nata tana mita. Ta ce dutsen da ta zo da shi ɗakin aure ne, in ya salwanta, Baffa ya shirya niƙa mata da haƙoransa.

Saura wanda zai shiga. Ƙofar kafaɗar siriri take so, ni kuwa duk zuriyarmu babu wanda ya kai ni rashin nama. Tun ina yaro ake ce mini in na juya gefe ba a ganina. A lokacin na yi aure, matata tana da tsohon ciki, kullum da sassafe tana cikin layin nan da tulu. Babu wanda ya ce in shiga. Kallona kawai aka yi, aka kau da kai, aka sake kallona. Na ce zan shiga.

Baba yana wurin a zaune. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini, in yana magana da wani kuma ya ce "yaron nan", ko da na yi gemu. Ba ya zama tabarma ɗaya da ni, ba ya yabona, in na yi ciwo ƙannena yake aikowa su duba ni. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi. Amma a ranar na so ƙwarai ya ce kada in shiga. Sai ya tashi ya ɗauko igiya yana duba ta taƙi-taƙi, yana ja da ƙarfi, ko akwai inda ta ci.

Ranar aikin, da hantsi, unguwa gaba ɗaya ta taru. Aka zura fitilar aci-balbal kamar yadda aka saba, ta kai ƙasa ba ta mutu ba, aka ce iskar gindin tana da kyau. Aka saukar da duro da igiyoyi, maza suna ta kabbara, duwatsun niƙa suna karo da bango. Baffa ya tsaya ya faɗi ƙa'ida da ƙarfi kowa ya ji, tun da murya ba za ta fito daga cikin ƙarfe ba. In na cika guga ina so in buɗe, in bugi duro da dagi sau ɗaya, su tsaya da famfo. In iska ta yi mini kaɗan, in yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, su ƙara ƙarfi.

"Ka ji ko?" ya ce. "Ɗaya, a tsaya. Da yawa, a ƙara. Ko jariri zai riƙe wannan."

Baba ne ya ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunsa, kansa a sunkuye. A wajenmu mai shiga rijiya ba ya rabuwa da igiyar ƙugu, ko da me, don ita ce hannun mutanen sama a jikinka. Na sauka ina taka ramukan bango, hasken sama yana ƙanƙancewa, sanyi da warin laka suna tasowa. Da na dira a kan duron, a tsakanin duwatsu, sai na ga abin da babu wanda ya yi tunaninsa a dakali. Igiya ba za ta bi ta ƙofar ba in har murfi zai rufu. Na daɗe a tsugune ina kallon ƙullin da Baba ya yi. Daga sama Baffa yana tambaya lafiya. Na kwance ta, na rataye ta a jikin wani dutse kusa da ƙofar, na zura ƙafafuna ciki.

Na tura murfi sama na sa sakata. Duhu ya rufe ni, sai 'yar tocila da na ɗaure a goshi da tsumma. Rairayi ya kama ni har gwiwa, da sanyi. Can sai na ji tiyo ya fara huci a saman kaina, fuu, fuu. Kunnuwana suka toshe, na haɗiyi yawu suka buɗe, suka sake toshewa. Sai ga abin mamaki. Ruwan da ke kan rairayin ya fara ja da baya, yana tafiya ƙasa, iska tana fita ta ƙarƙashin bakin duro tana ɓulɓul. Wallahi a lokacin na ce Baffa waliyyi ne.

Na yi ta haƙa ina cika guga. Da ta cika na bugi duro sau ɗaya. Hucin ya tsaya, iskar ta sulale ta cikin rairayi, na zare sakata, murfi ya sauko da kansa. Na miƙa guga waje na ɗaura a igiyarta, aka janye, aka sauko da wata. Rairayi yakan ɗan dawo kafin in rufe, amma ba kamar da ba. Muka yi haka, muka sake yi. Duk buɗewa ina jin hayaniyar murna daga sama, har da guɗa. Duron yana sauka a hankali, ina jin ƙarfensa yana gurzar ƙasa. Zafi ne kawai ya dame ni, gumi yana shiga mini ido, ga wani ciwon kai da ya fara sara ta goshi.

Ana cikin haka dagina ya taɓa wani abu da ba rairayi ba. Na ɗebo na murza a yatsa, na haska. Yumɓu ne, mai danƙo. Na yi hamdala, don na san an ratsa rairayin, ruwan ya kusa. Na zagaya bakin duron ina sassaƙe ƙasa, sai ya yi wata irin zama, ya nutse lokaci guda da nauyin duwatsun nan, bakinsa ya cije cikin yumɓun. Ɓulɓul ɗin da nake ji tun ɗazu ya ɗauke. Ban kawo komai a raina ba. Kunnuwana ne dai suka fara zafi kamar ana tura musu tsinke.

Na cika guga, na buga sau ɗaya. Famfo ya tsaya. Na zare sakata na jira murfi ya sauko. Bai sauko ba. Na kama mariƙinsa na ja, kamar na ja bango. Na sa hannu biyu, na ɗage ƙafafuna daga laka na rataye da dukan nauyina, ɗan nauyin da ake yi wa dariya. Ko motsi. Yumɓu ya toshe ƙasa, famfo ba ya mayar da iska baya, iskar da aka ɗura ta rasa hanyar fita, ta danne murfin kamar yadda mai walda ya yi alkawari.

Ina so in ce na tsaya na yi tunani, amma ban yi ba. Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa sani ba, tun daga tafin ƙafa har gashin kai. Numfashina ya zama gajere, ina ja ba ya isa. Na yi ihu, ihun ya dawo mini a kunne. Ban san lokacin da na ɗauki dagi na shiga dukan duron ba, ina duka ina kiran Inna kamar yaron goye. Sai na ji tiyo ya amsa. Fuu, fuu, fuu, da sauri, da ƙarfin da bai yi ba tun safe. A nan na gane abin da na yi. Na ce musu a ƙara.

Na tsaya, na danne hannuna, na buga sau ɗaya tak. Hucin bai tsaya ba. Na jira, na sake buga ɗaya. Na sake. To ɗaya da ɗaya da ɗaya, a kunnen mutumin da ke sama yana tsoron ɗansa zai mutu, da yawa ne. Duk bugun da na yi, famfon ƙara sauri yake. Wani abu ya fashe a kunnena na hagu, na ji ɗumi yana gangarowa wuyana. Jikin duron ya fara ƙara, ƙas, ƙas, kwalta tana tsagewa a mahaɗa amma ba ta buɗe ba. Hasken tocila ya zama ja a idona. Na jingina da ƙarfen na fara kalmar shahada, ina tunanin cikin matata, ina tunanin igiyar Baba da ke rataye a saman kaina, tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba.

Abin da ya faru a sama, ƙanena ne ya ba ni labari. Ya ce da aka ji dukan nan nawa ba ƙaƙƙautawa, Baba ya ture samarin da ke kan famfo ya kama da kansa. Tsoho ne, ga yunwar shekarun nan ta cinye shi, amma ya ce bai taɓa ganin mutum yana aiki haka ba. Rawaninsa ya warware ya faɗi, bai kula ba. Aka ce ya kawo a karɓe shi, ya ƙi. Tafin hannunsa ya saluɓe, mariƙin ya yi jini. Yana cikin haka tiyon ya kasa ɗauka, ya fizge daga bakin famfo da ƙara kamar bindiga, ya yi ta bulala a ƙasa yana huci. Mata suka sa salati. Baba ya saki famfo, ya faɗi a bakin rijiya rub da ciki.

Ni a ƙasa, abin da na sani shi ne iskar ta juya. Tiyo ya yi wata doguwar shewa, kunnuwana suka yi kamar za su fita, murfin ya faɗo ya sare ni a ka. Iskar rijiya mai warin laka ta shigo, ban taɓa shaƙar abu mai daɗinta ba. A daidai lokacin yumɓun ya ɓalle ta gefe guda, rairayi da ruwa suka bunƙaso, kafin in ɗaga ƙafa sun kai mini ƙugu. Na maƙale bakin ƙofar, na fitar da kai da hannu ɗaya ina lalube. A nan na ji murya tana gangarowa daga sama, tana karo da bango, a shaƙe, ana kiran sunana. Sunana na yanka, cikakke, ana maimaitawa. Sai da na ji shi wajen sau uku kafin na gane muryar Baba ce.

Hannuna ya faɗa kan igiyar ƙugun da na rataye. Na naɗa ta a damtse na girgiza. Suka ja. Rairayin ya riƙe ni kamar ba zai saki ba, na ji ƙuguna zai rabu, sannan ya sake ni ya riƙe wandona. Haka aka fito da ni gaban unguwa guda, ba wando, jini a ka, jini a kunne, ina kuka ba kunya. Wata tsohuwa ta cire mayafinta ta jefa mini. Ba a jima ba muka ji gindin rijiyar ya rufta, ƙura mai laima ta taso. Duro da duwatsun niƙan unguwa suna can har yau.

Ba mu samu ruwan ba. Sauran ranin nan da jakuna muka yi ta zuwa wani gari mai nisa, mu fita da asuba mu dawo rana ta take, har Allah ya kawo damina. Kunnena na hagu bai ƙara ji ba. Inna kuwa har ta bar duniya, in ta ga Baffa sai ta tambaye shi ko haƙoran nasa sun yi kaifin niƙa.

Baffa ya zo duba ni washegari. Ya zauna a bakin ƙofa ya tambaye ni me ya faru a ciki, na gaya masa tiryan-tiryan. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta canza, ya dubi inda Baba yake zaune a zaure, ya dawo ya dube ni. Bai ce kada in faɗa wa Baba ba, ni ma ban ce ba zan faɗa ba. Tun daga ranar bai ƙara kawo labarin teku a dakali ba.

Da yamma Baba ya shigo ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Hannuwansa duka biyu a naɗe da tsumma. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon bango, ya koma "kai" ɗinsa na kullum.

"Kai," ya ce, "ka yafe mini tiyon nan. Ni na tsinka shi. Amma ina jin kana bugawa, ban tsaya ba. Ko sau ɗaya ban tsaya ba."

Na dubi tsumman hannunsa, jini ya ɓullo ta tsakiya ya bushe. Maganar tana bakina, cewa tsinkewar ce ta fitar da ni, cewa duk bugun da ya yi ƙara rufe ni yake. Na haɗiye ta.

"Na sani, Baba," na ce. "Ina jin ku."

Ya gyaɗa kai ya fita. Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, ya ga ɗan da matata ta haifa har ya yi masa aure, kuma bai sake kiran sunana ba. Ni ma ban taɓa gaya masa ba.